Musun Yankees a majalisun Hausawan Bronx

Yaya, bayan gaisuwa. Ka tambayi abin da ya haɗa Hausawan Bronx, a birnin New York, da wasan gorar nan da ake kira besbol, da kuma musun da kake ji yaranmu suna yi a kan wani Judge da wani Cole. Hular nan mai N da Y a sarƙe da ka ce ta cika kasuwar Sabon Gari, ta ƙungiyar Yankees ce, kuma filinta a unguwarmu yake, mahaɗar titi na 161 da River Avenue, inda jirgin ƙasa mai lamba 4 yake bi ta sama, B da D ta ƙarƙashin ƙasa.

Maƙwabtaka ce ta haɗa mu. Mutanenmu na zangon Kumasi da Nima da na Nijar da Najeriya da yawa suna zaune a Highbridge da gefen Grand Concourse, tafiyar ƙafa zuwa filin. Dattawa har yau ƙwallon ƙafar Ingila ce tasu. Amma direban tasi dole ya san jadawalin Yankees ko ba ya so, domin wasa 81 suke yi a gida kowace shekara, filin yana cin mutum sama da 40,000, kuma ranar wasa babbar hanyar Major Deegan cushewa take yi. Yara kuwa tare da 'ya'yan 'yan Dominika suke makaranta, waɗanda besbol a jininsu take, tare suke buga ta a Macombs Dam Park, inda tsohon filin yake kafin a buɗe sabon a 2009. Daga yaran ta shigo gidaje.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Turmi tara ake yi. A kowane turmi ɓangare ɗaya yana duka, ɗaya yana tsaro da mutum tara a fili, sai an fitar wa masu duka mutum uku a juya. Zango huɗu ne a kusurwa huɗu, ƙafa 90 tsakanin kowane biyu, na huɗun shi ne gida. Wanda ya buga ƙwallo ya bi zangunan ya kewayo gida ya sha, kamar ruwa a langa, maki ɗaya ke nan. In ya cilla ta bayan katanga, shi da duk wanda ke kan zango sun dawo gida a sauƙaƙe, shi ne homron. Majefi yana tsaye kan ɗan tudu, ƙafa 60 da inci 6 daga mai duka. Jifan da ya ratsa ta kan farantin gida, wato zangon da mai duka yake tsaye a gefensa, tsakanin gwiwa da ƙirji, ba a taɓa shi ba, ko wanda aka kai wa duka aka kuskure, sunansa sitiraik, uku mutum ya fita. Jifa huɗu da suka kauce kuwa, mai duka ya tafi zangon farko kyauta.

Sabon shiga mai duka yake kallo. Wanda ya daɗe majefi yake kallo, kuma a nan musunmu ya rabu gida biyu.

Aaron Judge shi ne kyaftin, dogo ne mai ƙafa 6 da inci 7. A 2022 ya buga homron 62, ya goge tarihin Roger Maris na 61 da ya tsaya tun 1961 a rukunin American League. A 2024 ya buga 58, a 2025 ya buga 53 kuma ya fi kowa yawan dacewar duka da .331, wato kusan sau ɗaya cikin uku. Sau uku ana ba shi gwarzon rukunin. Masu sukarsa a majalisa magana ɗaya gare su: ina kofi? Yankees suna da kofin World Series, wato gasar ƙarshe ta shekara, har 27, babu mai kamo ƙafarsu, amma na ƙarshe tun 2009 ne, kafin zuwan Judge. Ni ina ganin an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Judge sau huɗu ko biyar gora take zuwa hannunsa a wasa, kuma in abokan hamayya sun ga dama sai su ba shi zangon farko kyauta su fuskanci na bayansa. Majefin da ya fara wasa kuwa yana karawa da masu duka 22 zuwa 27 shi kaɗai. Rabon wasan a hannunsa ya fi yawa.

Ƙungiya tana riƙe 'yan wasa 26, majefa ba sa wuce 13. Biyar daga cikinsu su ne masu farawa, suna karɓa-karɓa, kowa ya yi jifa ya huta kwana huɗu, a shekara ya fara wasa 30 zuwa 33. Da ya doshi jifa 100 koci ya fara duban benci. Dalili biyu ne. Hannu yana gajiya, ƙwallon da take gudun mil 97 cikin awa a turmin farko ta koma 94, kuma ta daina zuwa inda aka nufa. Na biyu, mai duka da ya ga majefi sau biyu ya karance shi, zuwa na uku ya san abin da ke tafe. Shi ya sa za ka ji ana ihu a gidan kallo a turmi na shida, rabi suna cewa Boone ya cire shi, rabi suna cewa ya bar shi. Aaron Boone ne kocin tun 2018, kuma mafi yawan zagin da yake sha a kan wannan shawarar ne.

Makaman majefi ba su da yawa. Akwai mai gudu, wadda ake jefawa da ƙarfi kai tsaye. Akwai mai zamewa, wadda take tahowa kamar za ta shiga sai ta sulale gefe. Akwai mai lanƙwasa da take faɗowa daga sama. Sai mai yaudara, hannu ya fita daidai da na mai gudu amma ƙwallon ta zo da jinkirin mil 8 zuwa 10, mai duka ya riga ta kai gora. Mai farawa yana buƙatar aƙalla uku masu kyau, domin sau uku zai ga kowane mutum. Mai karɓa, wato majefin da yake canjin mai farawa, wanda turmi ɗaya kawai zai yi, biyu sun ishe shi. Mariano Rivera kusan da jifa iri ɗaya ya rufe wasa 652, wata mai gudu da take karkacewa a taƙin ƙarshe tana karya gora, kuma tun da ya yi ritaya a 2013 duk wanda aka ba rufe wasa a Bronx da shi ake auna shi, abin da ba adalci ba ne.

In ka ji yara suna cewa ERA, ma'auni ne: makin da aka ci majefi da laifinsa, a ninka da 9, a raba da turamen da ya yi. Wanda aka ci 60 a turmi 180, nasa 3.00 ne. Ƙasa da 3 gwani ne, wajen 4 matsakaici, 5 ya kama hanyar benci. Sai dai ma'aunin yana da makafin wurare. Ba ya ƙirga makin da kuskuren masu tsaro ya jawo, kuma in mai karɓa ya shigo ya tarar da mutane a zango suka sha, wanda ya bar su ake rubuta wa. Don haka masu lura suna haɗawa da yawan waɗanda majefi yake ba zango kyauta. Wanda yake ba mutum huɗu kyauta a turmi tara, komai ƙarfin hannunsa, wata rana zai ƙona gida. Filinmu ma yana da nasa hali: katangar dama ƙafa 314 ce kawai a kusurwa, ƙwallon da za a cafe a wani fili a nan homron ce ga mai duka bahago. Wannan ne ya sa Yankees suke son majefa bahagwai, irin Max Fried da Carlos Rodón, domin bahagon majefi ya fi danne bahagon mai duka.

Babbar fargaba gwiwar hannu ce. Akwai wata jijiya a cikinta da take tsinkewa saboda yawan jifa da ƙarfi, gyaranta tiyata ce da ake kira da sunan Tommy John, majefin da aka fara yi wa a 1974. Ana ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a dasa, jinya wata 12 zuwa 18. Gerrit Cole, wanda aka saya dala miliyan 324 na shekara tara kuma ya zama gwarzon majefa a 2023, an yi masa ita a Maris 2025, bai yi jifa ko ɗaya ba a kakar. Wanda ya dawo daga wannan tiyatar, gudun ƙwallonsa yakan riga saitinsa dawowa, saboda haka kada a yanke masa hukunci da wasanninsa biyar na farko.

Yanzu maganar Oktoba, watan wasannin neman kofi. Ƙungiya 30 ce, kowace tana wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Rukuni biyu, kowane da shiyya uku. Yankees suna shiyyar gabas tare da Boston da Toronto da Baltimore da Tampa Bay. Shida ke wucewa daga kowane rukuni: zakarun shiyya uku da wasu uku mafiya yawan nasara. Zakaru biyu na sama suna hutawa a zagayen farko, sauran huɗun su kara, wanda ya fara cin biyu ya wuce. Zagaye na biyu sai an ci uku, na uku da World Series sai an ci huɗu. Cin shiyya ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya bi ta zagayen farko ya ƙone manyan majefansa a can, ya tarar da abokin karawa ya huta ya jera nasa.

Haka ta faru a 2025. Yankees da Toronto kowa ya ci wasa 94, amma Toronto ta fi cin karawar da suka yi tsakaninsu, shiyya ta zama tata. Yankees suka tsaya fafatawa da Boston, Fried da Rodón suka yi wasa biyun farko, a na uku wani sabon yaro, Cam Schlittler, ya yi turmi takwas ya fitar da 12 da sitiraik ba a ci shi ko ɗaya ba. Da aka je Toronto aka zuba musu 10 a wasan farko, 13 a na biyu. Judge ya dace a rabin dukan da ya yi a wannan Oktoban, duk da haka aka fitar da su a wasa huɗu. Ƙungiyar da ta fi kowa homron a shekarar ce aka kora, domin babu gorar da za ta biya bashin maki 23 a wasa biyu.

Ciwon da ya fi zama a zukata na 30 ga Oktoba 2024 ne, wasa na biyar na World Series da Dodgers ta Los Angeles, a nan Bronx. Yankees suna gaba da 5 da babu, Cole yana kan ganiyarsa. A turmi na biyar Judge ya saki ƙwallon da ta zo masa hannu. Abokin wasansa Anthony Volpe ya jefa wata ƙasa a zango na uku. Cole ya fitar da mutum biyu da sitiraik, saura ɗaya a tsira, sai Mookie Betts na Dodgers ya buga wata mai gangarawa wajen zangon farko, Cole bai ruga ya tare zangon ba, alhali wannan aikin majefi ne da ake koya wa yaro tun yana ɗan shekara goma. Aka rama biyar nan take, aka ƙare 7 da 6, Dodgers suka ɗaga kofi a filinmu. Ko ɗaya daga makin biyar ɗin bai shiga ERA na Cole ba, ka ga inda ma'aunin ya makance. Bayan wata guda da 'yan kwanaki Juan Soto, gwanin dukan Yankees, ya koma Mets, ɗaya ƙungiyar New York da ke unguwar Queens, a kan dala miliyan 765, mutanenmu na Queens suka samu abin tsokana.

To in wani ya ce maka bana shekarar Yankees ce, kada ka tambaye shi homron nawa Judge ya buga. Tambaye shi su wane ne majefa uku na farko kuma lafiyarsu ƙalau. A Oktoba ranakun hutu suna da yawa, mai farawa na biyar ba ya aiki, na huɗu ma kaɗan. Tambaye shi mutum nawa Boone ya amince wa a turmi na bakwai da na takwas da na tara in tazarar maki ɗaya ce. In bai iya lissafa uku ba, akwai gyara. Don kakar 2025 an kawo Devin Williams ya riƙa rufe wasa, tun watan Afrilu aka karɓe aikin daga hannunsa, sai da Brian Cashman, mai saye da sayarwar ƙungiyar tun 1998, ya nemo David Bednar a ƙarshen Yuli, lokacin da ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa. Sannan ka duba ko suna gaban shiyya, da yadda suke cafe ƙwallon da ya kamata a cafe.

Game da tambayarka ta ƙarshe, ko muna shiga filin: ana shiga, amma yawanci a gida ake kallo ko a rediyon mota. Wasan dare ƙarfe 7:05 yake farawa, a watan Yuni da Yuli magariba takan faɗa tsakiyarsa, saboda haka masu kai yara sun fi zaɓen wasan rana na Asabar ko Lahadi. Ana sayar da giya a filin, abincin ma sai an tambaya don gudun naman alade, da yawa sukan ci a gida kafin su fita. Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali caca ce. Tun Janairun 2022 aka fara cacar wasanni ta waya bisa doka a jihar New York, tallarta tana fitowa tsakanin turmi da turmi, har a kan jifa ɗaya ana iya zuba kuɗi. Uba a nan yana barin ɗansa ya bi wasan, amma yana duba abin da ke cikin wayarsa.

In kana so ka gani da idonka, 7:05 na nan sha biyu da minti biyar na dare ne a Kano. Tun da aka sa wa majefi agogo a 2023, daƙiƙa 15 tsakanin jifa da jifa in babu kowa a zango, wasa yakan ƙare cikin awa biyu da minti arba'in ko kusa da haka. Na ranar Lahadi ya fi maka sauƙi, 1:35 na rana a nan, 6:35 na yamma a wajenku. Ka sa ido kan safar hannun mai cafewa da ke tsugune bayan mai duka: in ƙwallo tana sauka inda ya ajiye safar, majefin yana da sauran ƙarfi, in ya fara miƙa hannu yana kamo ta sama da gefe, duba can bayan katanga, za ka ga wani ya tashi yana ɗumama hannu.