Tambayarku, Amsarmu: Duwatsun Nambung da Ciwon Gwiwa

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a birnin Perth na Ostireliya, kuma zan je bikin kammala karatunsa a watan Disamba. Ya dage sai ya kai ni wani daji mai suna Nambung in ga duwatsu. Ni kuwa ina fama da ciwon gwiwa. Duwatsun nan sun kai a sha wahala a kansu?
Daga wata Hajiya a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah Ya sa albarka a karatun yaro. Ki yarda ya kai ki, gwiwarki ba za ta hana ba. A cikin wurin akwai hanyar mota mai kewaye, kimanin kilomita 4, ta yashi ce amma a daddaɓe take, ƙaramar mota ma tana bi. Kina zaune duwatsun za su yi ta wucewa ta gefen taga, inda ya yi miki kyau a tsaya ki sauko. Akwai kuma hanyar ƙafa ta kamar kilomita ɗaya da rabi, wannan ki bar wa yara.

Wurin yana kusan kilomita 200 arewa da Perth, tafiyar awa biyu da ɗan wani abu a kan titin da ke bin gaɓar Tekun Indiya. Turawa suna kiran duwatsun Pinnacles. Ni da na fara hango su, suri ne ya faɗo mini a rai, irin na dajin da muke kiwo muna yara, sai dai nan dubbai ne a tsaye cikin rawayan yashi, ba itace ba ciyawa. Wani gajere kamar turmi, wani ya fi mutum tsawo har ya kai mita uku da rabi. Na dafa ɗaya, sai na ji shi kaushi kamar dutsen goge kaushin ƙafa, ga ramuka ƙanana ko'ina a jikinsa. Irin dutsen da ake yin siminti da shi ne, asalinsa ɓawon halittun teku da ya farfashe ya zama yashi, iska ta kwaso shi tudu, ruwan sama ya daskarar da shi. Daga baya iska ta yaye yashin da ya lulluɓe su. Hawa kansu an hana, kada jikoki su gwada.

Matsalarki ita ce watan. Disamba can lokacin zafi ne, lokacin da mu muke cikin hunturu, kuma babu inuwa ko ta tsayuwar akuya. Ga ƙudaje masu naci, sun fi son ido da baki. Da zaɓi ne da na ce Agusta zuwa Oktoba, lokacin da furannin daji ke buɗewa. Tunda ba zaɓi, ku isa bayan la'asar. A lokacin ne ma suka fi kyau, inuwar kowane dutse ta miƙe doguwa a kan yashi.

Sai dai ki ja wa ɗanki kunne kada ya ce zai tuƙo ku Perth da daddare. Da magariba kangaru, wata babbar dabbar daji mai tsalle, ke fitowa titi, kuma ba ƙaho yake ji ba. Mu mun yi wannan gangancin, wani kangaru ya diro gabanmu, da ƙyar direba ya taka birki, tun daga nan har gida ba wanda ya ƙara magana. Ku kwana a Cervantes, ƙaramin garin masunta ne kilomita 17 daga duwatsun. Da safe ku leƙa tafkin Thetis, an yi masa dakalin katako mai sauƙin tafiya.

Ana biyan kuɗin shiga a kan kowace mota. Ki tafi da ruwan sha mai yawa, da buta da sallaya, don babu masallaci a kusa. Alƙibla tana tsakanin yamma da arewa, kada ki fuskanci gabas yadda kika saba a Zariya.