Kujerar da Kika Ja Kusa da Gadonsa

'Yata,

Na karanta tambayarki sau biyu kafin in amsa. Kin ce a makarantar koyon aikin jinya an cika muku kai da sinadaran ƙwaƙwalwa, dofamin da serotonin da sauransu, an nuna muku cewa taɓin hankali ciwo ne a wata gaɓa ta jiki kamar kowane ciwo. Da kika zo ɗakin majinyata masu taɓin hankali sai aka ce ki riƙa zama da wani bawan Allah minti 20 kullum, yau kwana 9 ke nan bai ce miki uffan ba, fuskarsa na kallon bango. Shi ne kike tambaya: in dai matsalar a ƙwaƙwalwa take, kuma ƙwaya ce ke gyara ta, me zaman nan yake ƙarawa?

Ba ki yi laifi ba. Ni ma na yi wannan tambayar ina sabuwar shiga aiki, sai dai ni a zuci na bar ta, ban samu ƙarfin halin furtawa ba.

Mu fara da ƙwaƙwalwar, tunda ita kika riƙe. Akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 a cikinta, kowace tana aika wa dubbai saƙo ta wata 'yar tazara da ke tsakaninsu, sinadarai ne ke tsallake tazarar da saƙon. A nan magungunanmu suke aiki, wannan gaskiya ne. Abin da aka manta a faɗa miki shi ne, duk abin da mutum ya ji, ya gani, ya saba da shi, a wannan wurin dai yake sauka. Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a shekarar 2000, ya yi shekaru yana bincike a kan wata 'yar dabbar teku mai jijiyoyi kaɗan, ya nuna cewa koyo yana ƙarfafa mahaɗar jijiyoyi ko ya raunana ta, har sababbi su tsiro. To mutumin da ya wayi gari yana ganin kowa maƙiyinsa ne, sannan wata ta zo masa kullum a lokaci guda, ba ta tsawa, ba ta yaudara, me yake yi in ba koyo ba? Ƙwaƙwalwarsa tana koyon cewa akwai mutumin da za a iya zama kusa da shi ba a cutu ba. Babu ƙwayar da ke koyar da wannan.

A can cikin ƙwaƙwalwa, a kowane gefe, akwai wani ɗan curi da ake kira amigdala, shi ne mai gadin da ke kururuwa in ya hango haɗari. Da ya yi kururuwa sai sinadaran firgici, adirenalin da kotizol, su cika jiki, zuciya ta hau bugu, numfashi ya yi sama, sashen goshi kuwa, wanda ke auna magana da tsara tunani, aikinsa ya ja baya. Shi ya sa in majinyaci ya firgita, dogon bayani ɓata baki ne. Zai ji tsayin muryarki, zai ga inda hannayenki suke, zai lura ko kin tare masa ƙofa, amma jimla mai rassa uku ba za ta shige shi ba. Saboda haka ki tsaya ta gefe, kada ki tunkare shi gaba da gaba. Hannayenki su kasance inda yake ganinsu. Mutum ɗaya ya yi magana, kalmomi kaɗan, ki maimaita su a hankali in ya kama. Na sha ganin ma'aikata biyar sun yi wa mutum ɗaya zobe, kowa na ba shi umarni, daga baya a rubuta cewa ya yi tawaye. Mu muka kunna wutar, muka dawo muna neman allurar kashe ta.

Akwai wani abu da nake son ki riƙe game da shekarar 1952. A shekarar ne likitoci biyu a birnin Paris na Faransa, Jean Delay da Pierre Deniker, suka ba da rahoton yadda maganin kulofuromazin, wanda aka fi sani da Largactil, ya kwantar da ruɗanin majinyatansu. A shekarar ce kuma wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Hildegard Peplau, ta fitar da littafinta inda ta ce alaƙar nas da majinyaci ita ce ginshiƙin jinya, tana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma koyonta ake yi kamar yadda ake koyon yin allura. Sana'armu ta zamani da ƙafafun nan biyu ta tashi, a shekara guda.

Kuma kada ki ɗauka ilimin ƙwaƙwalwar ya kai inda littattafan aji suke nunawa. Maganar da ake yawan yi wa majinyata cewa wani sinadari ne ya yi ƙaranci a kansu, an sauƙaƙe ta fiye da kima. Har yau babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai tabbatar miki mutum yana da sikizofireniya, wato taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyin da babu su, ko ciwon baƙin ciki mai tsanani. Abin da likita zai yanke hukunci a kai shi ne abin da majinyaci ya faɗa da abin da aka gani a tare da shi. Likita yana ganinsa 'yan mintuna a zagaye, ke kina tare da shi wuni guda. In bai yarda da ke ba, ba zai gaya miki muryoyin sun fara umartarsa ba, ba zai gaya miki yana ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe ba.

Bari in ba ki labarin kuskurena, don har yau yana ci mini rai. A shekarata ta biyu da fara aiki, akwai wani saurayi da aka sa wa halofaridol, wani maganin taɓin hankali. Bayan 'yan kwanaki sai ya hau safa da marwa a baranda, ya zauna ya tashi, ya kasa kwanciya. Na rubuta cewa tashin hankalinsa na ƙaruwa. Aka ƙara magani, abin ya ƙara muni. Wata tsohuwar ma'aikaciya ce ta tashi ta riƙa tafiya kusa da shi, ba ta ce ya zauna ba, tana dai binsa tana tambayarsa a hankali. Can ya ce mata ba kansa ba ne, ƙafafunsa ne, kamar akwai abin da ke yawo a cikinsu. Akatiziya ce, illar maganin da kansa, rashin natsuwar da kan kai wasu ga tunanin kashe kansu. Na karanta ta a makaranta, na ci jarrabawa a kanta. Ban gane ta ba saboda daga nesa nake kallonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya samu wanda zai gaya wa.

Sai dai kada ki fahimce ni a baibai, ki ce tausayi kaɗai ya wadatar. Ita tsohuwar ta gane abin da ya faɗa ne saboda ta san yadda maganin ke toshe hanyoyin dofamin, har da waɗanda ke kula da motsi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a aikinmu fuska takan yi ƙarya: shi kansa ciwon ko maganinsa yana iya daskarar da fuskar mutum alhali cikinsa na tafasa, wadda ba ta sani ba sai ta ce ya raina ta. Dattijon da ya ruɗe cikin dare ɗaya, yanzu ya gane ki, an jima bai gane ki ba, ki fara auna zafin jikinsa da sugansa da iskar jininsa, domin sau da yawa ciwon jiki ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Mai shan maganin litiyam da ya fara amai da gudawa, hannunsa na karkarwa sosai, yana tangaɗi, a nemi likita nan take a duba yawan maganin a jininsa. Mai shan maganin kulozafin da ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, a gwada fararen ƙwayoyin jininsa a ranar. Daɗin baki ba ya maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Maganin baƙin ciki kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa sosai, illolinsa kuwa tun kwanakin farko suke zuwa. Wa zai riƙe mutum a wannan tsakanin, lokacin da yake ganin ƙwayar ba ta ƙara masa komai ba sai tashin zuciya? Ke ce. In ƙarfin jikinsa ya fara dawowa alhali zuciyarsa ba ta sake ba, ki ƙara sa ido. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma ajiyar zuciya za ki ji ya yi.

Alaƙar nan kuma ba ƙawance ba ce. Kada ki yi masa alkawarin rufa asirin abin da ya shafi ransa ko ran wani. Kada ki yi alkawarin da ba za ki cika ba, ko da na cewa za ki dawo an jima ne. In ya ce yana jin muryoyi, kada ki ƙaryata shi, kada kuma ki ce ke ma kina ji. Ki ce ke ba ki ji, amma kin ga suna wahalar da shi, ki tambaye shi me suke cewa.

Yanzu mutuminki mai kallon bango. Kafin komai ki duba: yana cin abinci, yana shan ruwa, yana fitsari? In kin ɗaga hannunsa, yana barinsa a sama ko yana sandarewa? In haka ne, ki sanar da likita yau, domin yana iya zama katatoniya, larurar da ke sandarar da mutum ta hana shi magana, tana da haɗari kuma tana da magani. Ki kuma kiyaye abin da ake faɗa a kansa, da yawa daga cikin masu irin wannan shirun sukan tuna abin da aka ce a gabansu bayan sun warware.

In an duba duk wannan, gobe ki je a lokacin da kika saba. Ki kira sunansa, ki faɗi naki, ki ce za ki zauna minti 20, ba dole sai ya yi magana ba. Kada ki cika shirun da tambayoyi. Ki lura da numfashinsa, da kafaɗunsa, da ko ya ɗan juyo in kin motsa, ki rubuta abin da idonki ya gani ba abin da kika zata ba. In lokaci ya cika ki ce masa kin tafi, sai gobe war haka. Ran da za a canza miki wurin aiki, ki gaya masa tun da sauran kwanaki, ki faɗa masa sunan wadda za ta karɓe ki.