Amsa ga mai tambaya kan majalisar matasa a ƙaramar hukuma

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambaya daga Daura, ka ce ana shirin kafa majalisar matasa a ƙaramar hukumarku, an kuma nemi ka wakilci mazaɓarku, amma kana fargabar kada ku zama 'yan amshin shata. Shawarata ita ce ka shiga, amma kafin ka amsa, ka tambayi wanda ya gayyace ka wa zai zaɓi wakilan, kuma a wane wata za ku zauna da masu tsara kasafin kuɗi. Na riƙe sakataren irin wannan majalisa a wata ƙaramar hukuma ta shiyyar Daura, kuma a kan waɗannan abubuwa biyu na ga majalisa ta tsaya da ƙafafunta ko ta watse.

Idan ciyaman ne ya zauna a ofis ya rubuta sunaye, to yaransa ya tara, kuma ranar da ya sauka majalisar za ta bi shi. Mu sai muka nace kowace mazaɓa ta fitar da wakilinta a bainar jama'a, a gaban dagaci ko mai unguwa, muka kuma ware kujeru ga mata da masu sana'a, wato teloli da kanikawa da 'yan acaɓa da matasan manoma, domin ba masu digiri kaɗai ne matasa ba. Ku kuma ƙayyade shekaru tun farko. Manufar matasa ta ƙasa ta 2019 ta ce matashi shi ne mai shekara 15 zuwa 29, ko da za ku ɗan sassauta, kada ku bari magidanci mai furfura ya zama shugaban matasa.

Maganar kasafi ita ce zuciyar aikin, kuma nan ne yawancin matasa suke makara. Ana tsara kasafin ƙaramar hukuma ne a watannin ƙarshen shekara, da zarar kansiloli sun amince da shi kuwa, duk buƙatar da kuka kai amsarta ɗaya ce: babu a kasafi, sai baɗi in Allah Ya kai mu. Saboda haka tun kafin kaka ya kamata kowane wakili ya zaga mazaɓarsa ya zo da buƙata biyu ko uku a rubuce.

Akwai wata firamare a yankinmu da fanfon burtsatsenta ya lalace, yara suna fita daga aji su je neman ruwa a gidajen maƙwabta. An daɗe ana faɗa da baki ba a gyara ba. Sai muka kira mai gyara ya duba ya rubuta abin da za a kashe, muka ɗauki hoto, hedimasta da mai unguwa suka sa hannu, muka kai takardar ofishin sakataren ƙaramar hukuma aka buga mana hatimin karɓa a kan kwafinmu, sannan muka ba kansilan mazaɓar nasa kwafin ya karanta a zauren majalisar kansiloli. Aikin ya shiga kasafi, aka kuma yi shi. Wannan hatimin, a ganina, ya fi doguwar ziyarar ban-girma amfani, domin babu mai iya cewa takarda ba ta iso ba.

Ku kuma san iyakar abin da za ku nema. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara, tare da sa hannu a harkar firamare da kiwon lafiya. Wanda ya je yana neman a ɗauke shi aikin gwamnatin tarayya ya ɓata wa majalisa lokaci. Yanzu ma kun fi mu madafa, tunda a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin asusun tarayya kai tsaye, ko da yake aiwatarwar tana jan ƙafa, sannan a watan Fabrairun 2025 aka yi zaɓen shugabanni da kansiloli a ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina. Akwai zaɓaɓɓen da za ku tambaya, kuma ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma a intanet.

Ina roƙonka kada ku karɓi alawus na wata-wata, domin na ga yadda yake rufe bakin masu kaifin magana. Kuɗin mota ranar zama ya wadatar. Ku riƙa zama da rana a makaranta, don in kuka ce bayan Isha'i, kun kori mata ke nan. Ku je ku gaida hakimi ku sanar da shi abin da kuke ciki, kuma kada ƙorafi ya hau Facebook kafin ya isa teburin wanda ya shafa.

A zamanku na farko, ku nemi kansiloli su kafa majalisar da dokar ƙaramar hukuma, wadda za ta fayyace wa'adin wakilai da yadda ake zaɓensu, ta kuma wajabta a saurare ku kafin a gabatar da kasafin kowace shekara.