Malami ya nemi ɗaliba da lalata: ina za a kai ƙorafi, me ke biyo baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a wata jami'ar tarayya. Malamin da ke duba aikin kammala digirina ya ce ba zai sa hannu ba sai na same shi a otal. Ya turo saƙonni ta WhatsApp, ya kuma kira ni sau biyu. Ina tsoron in yi magana ya kayar da ni. Ta ina zan fara?
Ɗaliba, daga Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kafin ki faɗa wa kowa a makaranta, ki fara tsare hujja. Kada ki goge saƙo ko ɗaya, ko da wanda kike jin kunyar amsar da kika ba shi. Ki ɗauki hoton saƙonnin yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki tura wa kanki ta imel, kuma kada ki sayar da wayar ko ki canja ta. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da hujjar waya da kwamfuta, amma kotu na son sanin na'urar da abin ya fito. A 2018, muryar da aka naɗa a waya kan irin wannan zargi ce ta kai Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo ga kora, daga baya kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu.

Sai ki rubuta ƙorafi. A rubuce, ba da baki ba. Ki sa rana, wuri, abin da ya faɗa da kalmominsa, da sunan wanda kika fara gaya wa. Ki nufi shugaban jami'a da takardar ta hannun ofishin kula da harkokin ɗalibai, ko cibiyar nazarin jinsi idan jami'arku na da ita. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a naki. Rashin takarda ne ke kashe ƙorafi da yawa: ɗaliba ta yi wa shugaban sashe bayani a tsaye, shi kuma abokin aikin malamin ne, bayan wata uku babu ko takarda ɗaya da ke nuna an taɓa maganar.

A cikin takardar ki nemi a canja miki mai duba aiki tun kafin a gama bincike, kuma a ba wani malami daban takardunki na jarrabawa. Wannan ba alfarma ba ce, kariya ce daga ramuwar gayya, kuma ita ce amsar tsoron da kika ambata.

Idan kuwa an kai ga fyaɗe, asibiti ne farko. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72. A Kano akwai cibiyar Waraka, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a Asibitin Murtala.

Tambaya: 'Yata ta kai ƙara, sai ga wasu manyan malamai sun zo gida suna ba da haƙuri, wai a rufa asiri tunda mutumin na da iyali. Ni ma ina tsoron abin da zai taɓa sunanta. Me kuke gani?
Mahaifi, daga Gusau

Amsa: Baba, mun fahimci damuwarka, amma ba mu goyi bayan janyewa ba. Ranar da ta janye, kwamitin binciken jami'a zai rufe fayil, malamin ya koma aji da alƙalaminsa, ita kuma ta rasa kariyar da takardarta ta ba ta. Abin da ya kamata ka nema a rubuce shi ne a ɓoye sunanta, a saurare ta a zaman sirri, a bar ta ta zo da mai rakiya. Zuwan da suka yi ma ku rubuta ranarsa ku sanar da kwamitin, domin matsin lamba ne. Idan jami'a ta yi shiru, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na karɓar irin wannan ƙorafi a matsayin amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba. Ita ce ta gurfanar da Akindele.

Tambaya: Me ya sa ake korar malami, bayan 'yan shekaru kotu ta mayar da shi?
Ma'aikacin jami'a, daga Bauchi

Amsa: Malam, sau da yawa gaggawa ce da tsallake mataki. Dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya sun ba hukumar gudanarwa ikon kora, amma sai an ba malamin takardar tuhuma da dalilai, an kuma ba shi damar kare kansa, kamar yadda sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Idan kwamiti ya saurari shaidu a bayan idonsa, ko mai ruwa da tsaki a rigimar ya zauna cikin masu hukunci, kotu za ta rushe komai ko da laifin a fili yake. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda irin wannan, ta kuma ce babban laifi kotu ce ke yanke shi, ba kwamitin jami'a ba. Shi ya sa fyaɗe dole ya je wurin 'yan sanda, jami'a kuma ta dakatar da mutumin har a gama.

Tambaya: Ƙanwata za ta tafi karatu Amurka. Can ma haka tsarin yake?
Yaya, daga Maraɗi

Amsa: Da bambanci. Dokar Title IX ta 1972 ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma dole kowace ta naɗa jami'i guda mai karɓar ƙorafi. Ɗaliba na iya samun canjin ɗaki ko na aji ko da ba ta shigar da ƙara a hukumance ba. Ta dai san cewa malamai da yawa an ɗora musu su kai rahoton abin da aka gaya musu, don haka idan sirri take so tukuna, ta fara da mai ba da shawara ko asibitin makaranta.