Zan sayi igwar wasan tarihi: daga ina zan fara?

Tambaya: Mu ne masu sake kwaikwayon yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Muna son igwa ta kanmu, mai ƙara da hayaƙi ba tare da harsashi ba. Na ga wata ta baƙin ƙarfe da araha. In saya?

Amsa: Malam, dakata tukuna. Kafin ka cire ko sisi, tambayi mai sayarwa abu ɗaya: akwai bututun ƙarfe marar ɗinki a cikinta? Yawancin igwoyi masu araha na ado ne, an zuba su ne don a girke a bakin ƙofa. Baƙin ƙarfen zubi ba ya yin gargaɗi, ba ya kumbura ka gani, tarwatsewa yake yi lokaci guda, mutanenka kuma suna tsaye a gefensa. Shi ya sa maƙeran kirki suke zura bututu mai ƙwari ciki, su toshe gindinsa da kyau. In mai kaya ya fara kame-kame kan wannan, ka yi gaba.

Sai girma. Kowa idonsa na kan igwar da ake kira Napoleon, samfurin 1857, ta tagulla, mai faɗin baki inci 4.62. Kyakkyawa ce, ba musu, amma bututunta kaɗai ya haura kilo 550, ba a zo kan keken da ke ɗauke da ita ba, wanda kuɗinsa kan yi kafaɗa da na igwar, ga tirela, ga motar ja, ga wurin ajiya. Ni dai ƙungiya sabuwa nakan ce ta fara da ƙaramar igwar tsauni ta 1841, mai bututu mai nauyin kusan kilo 100, wadda da can alfadari ke ɗauka. Mutum biyu ko uku za su iya ɗaga bututunta.

Doka kuwa ta ƙasar da kake ce. A Amurka dokar tarayya tana kallon igwar da ake ɗurawa ta baki, mai samfurin 1898 ko kafin nan, a matsayin kayan tarihi, sai dai jihohi na da nasu sharuɗɗan. A Ingila sai da lasisin bindiga, albarushin ma da takardarsa daban daga 'yan sanda. Masu shirya taro kuma za su nemi inshora, su leƙa cikin igwar da fitila kafin su bari ta shiga fili.

Albarushi baƙi mai manyan ƙwayoyi kaɗai ake sa mata. Na zamani marar hayaƙi fasa ta zai yi.

Abin da ya fi cin hannun mutane shi ne ragowar wuta a ciki. Bayan kowane harbi ana zura ƙugiya a fito da tarkace, a bi da jiƙaƙƙen soso, wani kuma ya danne kafar kunnawa da babban yatsa cikin safar fata don kada iska ta hura garwashi. Ƙungiyoyi da yawa sukan jira minti 3 kafin a sake ɗurawa. Wannan ba a koyonsa a bidiyo. Ka nemi tsohuwar ƙungiya, ka riƙe musu soso na shekara guda. Sau da yawa ma a wurinsu ake jin labarin igwa ta hannu da aka riga aka san lafiyarta.