Ra'ayina malamin Ethics yake yi wa maki, ko me?

Tambaya: Malam, ina aji ɗaya a jami'a, muna yin kwas ɗin Ethics, wato falsafar ɗa'a. An ba mu jinga a kan ko ya dace mutum ya yi ƙarya don ya ceci rai. Na ce ya dace, na kawo hujjar addini, na sami 9 cikin 20. Ƙawata ta ce bai dace ba, ta sami 16. Ashe ra'ayin malami ake so a bi? Kuma wannan zai iya jawo mini kariyoba, wato maimaita kwas ɗin? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Malama, a irin wannan kwas ba matsayar da kika ɗauka ake aunawa ba, hanyar da kika bi kika isa gare ta ake dubawa. Kafin malami ya taɓa takardunku yana da tsarin rabon maki. A jinga mai maki 20, rabon kan yi kama da haka: 4 na fayyace matsalar, 6 na bayanin mazhabobin da aka koyar daidai, 7 na gina hujja da amsa suka, 3 na tsari da ambaton inda aka ɗauko magana.

Makin tsakiyar nan ne ɗalibai suka fi zubarwa. Wannan tambaya taku tsohuwa ce. Immanuel Kant, masanin falsafa ɗan Jamus, a wata maƙala ta 1797, ya ce ko mai kisan kai ne ya tsaya a ƙofarki yana tambayar inda abokinki ya ɓuya, ba ki da damar yi masa ƙarya, domin a wurinsa faɗin gaskiya wajibi ne da ba ya sauyawa da sakamako. John Stuart Mill, masanin falsafa ɗan Ingila, da mabiyansa kuwa sakamakon aiki suke aunawa, wanne ya fi rage cuta ya ƙara alheri. Mai yiwuwa ƙawarki ta shimfiɗa Kant yadda ya kamata, ta kawo sukar da ake yi masa, ta amsa. Ke kuma idan kin faɗi hukunci kin tsaya, kin ci makin farko kawai.

Hujjar addini ba laifi ba ce, kuma matsayarki tana da ƙarfi. Abin da ya rage shi ne ki fito da dalilin da ke ƙarƙashin hukuncin: me ya sa kare rai ya rinjayi faɗin gaskiya a nan, kuma ina iyakar wannan rangwame? Sai ki kawo maganar Kant da cikakken ƙarfinta, ba a gurguje ba, ki nuna inda ta gaza.

Batun kariyoba, ki yi lissafi. A yawancin jami'o'in Najeriya jinga da tes suna ɗaukar 30 ko 40 cikin 100, jarrabawa ta ɗauki sauran. A ma'aunin maki biyar, 70 zuwa sama A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, ƙasa da 40 kuwa faɗuwa ce. Idan kika haɗa 15 cikin 30, kina bukatar 45 cikin 70 ki sami B. Ki kula da halartar aji, don ƙa'idar ita ce kashi 75 cikin 100 kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa.

Ki je ofishin malamin a lokacin ganin ɗalibai, da takardarki a hannu, ki roƙe shi ya nuna miki inda makin ya zube, ba ki nemi ƙari ba. In kin ga kuskuren tara maki ne, jami'in jarrabawa na sashe ake fara kai wa, a rubuce.