Me yasa bana zagaye siminti ranar farko

Jiya ka tambaye ni me yasa yaron nan da ya karye a saman gwiwar hannu na sa masa rabin siminti kawai na naɗe da bandeji, alhali da na zagaye shi ruf da ya fi riƙe ƙashin. Toh ɗana, a kwanakin farko ƙashi baya damuna kamar yadda kumburi ke damuna.

Sabuwar karaya kumbura take yi, sai ta kwana 2 zuwa 3 kafin kumburin ya kai iyakarsa. Naman damtse da na ƙwauri kuwa a cikin wata jaka mai tauri yake wadda bata miƙewa, jini ya taru a ciki, kai kuma kazo ka ɗaure ta waje tamau, ina kake so ya je? Sai ya danne ƙananan hanyoyin jini naman ya fara mutuwa, awa 6 ma ta isa ayi ɓarnar da bata gyaruwa. Tun 1881 wani likitan Jamus mai suna Volkmann ya yi bayanin abin, yatsu su ƙanƙame su lanƙwashe kamar ƙafar kaza, hannu na jiki amma ya tashi aiki.

Ciwo zaka sa wa ido. Ciwon da ya fi ƙarfin karayar, an bada magani yaƙi lafawa sai ma ƙaruwa. Ka kama yatsa ɗaya ka miƙe shi a hankali, in mutum ya kurma ihu toh kar ka tsaya wata-wata. Kuma dan Allah kar ka ce ai bugun jini na nan, sau da yawa yana nan daram alhali ciki ya fara lalacewa. Ƙaramin yaro ma ba zai iya faɗa maka ba, kuka kawai zakaga yana yi yaƙi zama waje ɗaya.

In kaga haka, ka tsaga simintin da bandejin daga sama har ƙasa sai kaga fata da idonka. Ni ina koyo na taɓa tsaga simintin na bar audugar da ke ƙarƙashinsa, ashe ta sha jini ta bushe ƙam kamar igiya, maigidana a wajen aiki yazo da almakashi yana yanka yana hararata, wallahi har yau ban manta hararar nan ba. Hannun kuma ka aje shi daidai ƙirji, kar ka rataye shi sama jini ya ƙara ƙin shiga, sannan ka kira likita nan take, in bai saki ba tiyata ce, sai an tsaga jakar naman.

Uwar yaron na riga na gaya mata in yatsun suka yi sanyi ko suka canja launi ko ya ce baya jinsu ta dawo ko tsakar dare ne. In kumburin ya sauka nan da sati ɗaya likita ya duba hoton, kai zaka zagaye masa simintin, ina tsaye a kanka.